Shin Kowace Tambayar Lissafi Tana da Amsa? Fashin Baƙi Kan Cantor, Gödel da Turing

A shekarar 1878 Georg Cantor, malamin lissafi a jami'ar Halle ta ƙasar Jamus, ya yi wani hasashe game da yawan lambobi. Ya yi ta fama da shi shekara da shekaru, bai iya tabbatar da shi ba, bai kuma iya rushe shi ba. Da David Hilbert ya tsara jerin manyan matsaloli 23 da yake ganin su ne aikin da ke gaban masana a sabon ƙarni, jerin da ya fara gabatarwa a taron Paris na 1900, hasashen Cantor ya sa a lamba ta ɗaya. Sai a 1963 aka kai ƙarshen zangon farko, kuma abin da aka samu ba i ba ne, ba a'a ba ne. An tabbatar da hujja mai ƙarfi cewa ginshiƙan da aka gina lissafin zamani a kansu, wato ƙa'idojin tushe da ake karɓa ba tare da hujja ba, ba za su taɓa yanke hukunci kan wannan batu ba. Tun daga nan masana suka rabu. Wasu na cewa amsa tana nan, ginshiƙanmu ne suka gaza. Wasu na cewa tun asali tambayar ba ta da amsa guda.

Abin da ke rikita mutane a wannan fanni shi ne, akwai sakamako uku mabambanta da ake yi wa laƙabi ɗaya, wato "abin da lissafi ba zai iya warwarewa ba": na Kurt Gödel, na Alan Turing, da na Paul Cohen, wanda ya kammala waccan hujja ta 1963. Ana yawan cakuɗa su, daga nan sai a yanke hukunci cewa lissafi ma ba shi da tabbas. Ni ina ganin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya gane inda suka rabu ya gane zuciyar muhawarar.

Yadda Cantor ya auna abin da ba shi da iyaka

Idan ka shiga zaure ka tarar kowane mutum yana zaune a kujera ɗaya, babu wanda ke tsaye, babu kujerar da ba kowa, ka san yawan mutanen da yawan kujerun daidai ne ko da ba ka ƙirga ba. Wannan ma'auni Cantor ya ɗauka ya kai shi ga abubuwan da ba su da iyaka: rukuni biyu girmansu ɗaya ne idan za a iya haɗa 'ya'yansu bibbiyu, ba saura ta kowane ɓangare.

Nan take abin mamaki ya fito. Lambobin ƙirga, 1, 2, 3 har illa masha Allahu, yawansu daidai yake da na lambobin da ke rabuwa biyu, domin 1 za ta tafi da 2, 2 da 4, 3 da 6, haka har abada. Lambobin kaso ma, irin su rabi da sulusi da uku bisa bakwai, ana iya jera su duka a layi ɗaya a ba kowace lambarta. Sai mutum ya zaci duk abin da ba shi da iyaka girmansa ɗaya ne. Cantor ya nuna a 1874 cewa ba haka ba ne, sannan a 1891 ya kawo gajeriyar hujjar da har yau ake koyarwa.

Ga yadda take. A ce wani ya kawo jeri, yana iƙirarin ya ƙunshi duk lambobin da ke tsakanin 0 da 1. Ta farko 0.5183…, ta biyu 0.3417…, ta uku 0.7729…, da sauransu ba ƙarewa. Ɗauki alƙalami na farko na lamba ta farko, wato 5, ka mai da shi 6. Ɗauki na biyu na lamba ta biyu, wato 4, ka mai da shi 5. Na uku na ta uku, 2, ya koma 3. Ci gaba da haka. Sabuwar lambar da ka gina, 0.653…, ta saɓa wa ta farko a gurbi na farko, ta saɓa wa ta biyu a gurbi na biyu, ta saɓa wa ta miliyan a gurbi na miliyan. Ke nan ba ta cikin jerin. Ko wane jeri aka kawo haka za a yi masa. Saboda haka lambobin da suka cika layi, wato duk lambobin da ake iya rubutawa da ɗigo irin waɗannan, sun fi lambobin ƙirga yawa, alhali dukansu ba su da iyaka. A riƙe wannan dabara da kyau, domin ita ce za ta sake fitowa a hannun Russell da Gödel da Turing, kowa da irin rigar da ya sa mata.

To, tsakanin waɗannan girma biyu akwai wani na tsakiya? Hasashen Cantor shi ne babu. Duk wani rukuni mara iyaka da ka tsamo daga lambobin layi, ko dai ya yi daidai da lambobin ƙirga, ko ya yi daidai da layin gaba ɗaya. Da alamomin da Cantor ya ƙirƙiro, ƙaramin girma shi ne alef-0, mai bi masa alef-1, sai alef-2, kuma hasashen na cewa girman layi alef-1 ne. Tambaya ce da ɗalibi zai fahimta a zama ɗaya, kuma wannan sauƙin nata yana cikin abin da ya sa rashin amsarta ke da ciwo.

Kafin a kai ga amsa, ginin kansa ya tsage. Bertrand Russell ya lura a 1901 cewa idan kowace siffa tana haifar da rukuni, to akwai rukunin duk rukunonin da ba sa ƙunshe da kansu. Shi wannan yana ƙunshe da kansa? Idan i, to bai cika sharaɗi ba, ke nan a'a. Idan a'a, to ya cika sharaɗi, ke nan i. A watan Yunin 1902 ya rubuta wa Gottlob Frege wasiƙa, a daidai lokacin da juzu'i na biyu na babban aikin Frege kan tushen lissafi ke hannun masu ɗab'i, kuma Frege ya amsa cewa tushen gininsa ya girgiza. Maganin da ya ɗore shi ne na Ernst Zermelo a 1908: a daina barin kowace siffa ta haifi rukuni, a rubuta ƙayyadaddun ginshiƙai da za su faɗi irin rukunin da aka yarda a gina. Abraham Fraenkel da Thoralf Skolem suka ƙara gyara a 1922. Wannan tsari shi ake kira ZFC, kuma kusan duk lissafin da ake koyarwa a jami'o'i ana iya gina shi a cikinsa.

Ba a karɓi tsarin cikin ruwan sanyi ba. Ginshiƙin zaɓi, wanda ke cewa daga kowane tarin rukunoni ana iya zaɓo abu ɗaiɗai ko da babu dokar da ta faɗi wanda za a zaɓa, ya jawo ce-ce-ku-ce tun da Zermelo ya yi amfani da shi a 1904. Da shi ne Banach da Tarski suka nuna a 1924 cewa a lissafe ana iya yayyanka dunƙulen ƙwallo gida kaɗan, a sake harhaɗa gutsattsarin su ba da ƙwallo biyu, kowanne girmansa daidai da na asali. A Holand kuma L. E. J. Brouwer ya ƙi yarda da dokar "ko dai haka ne, ko ba haka ba ne" idan ana maganar abin da ba shi da iyaka. A wurinsa, ba ka da ikon cewa abu yana nan sai ka nuna yadda za a gina shi.

Hilbert ya ɗauri aniyar kashe wutar gaba ɗaya. A shekarun 1920 ya tsara shiri: a rubuta lissafi cikin alamomi tsantsa, sannan a tabbatar da abu uku. Na farko, tsarin ba ya tufka da warwara. Na biyu, kowace magana ana iya tabbatar da ita ko a rushe ta. Na uku, akwai hanya ƙayyadajjiya, mataki bayan mataki, da za ta faɗa maka ko magana tana da hujja.

Abin da Gödel ya tabbatar, da abin da ake jingina masa

A watan Satumban 1930, a wani taro a Königsberg, Kurt Gödel, matashi daga Biyana ta Austiriya wanda bai cika shekara 25 ba, ya ambaci sakamakonsa a taƙaice. John von Neumann na cikin 'yan ƙalilan da suka gane nauyinsa nan take. Washegari, a garin, Hilbert ya yi jawabin da ya rufe da cewa dole mu sani, kuma za mu sani. Takardar Gödel ta fito a 1931.

Dabararsa ita ce ya ba kowace alama da kowace jimla da kowace hujja lamba tata. Da haka, maganar da ke cewa "jimla kaza tana da hujja" ta koma magana kan lambobi, wadda tsarin kansa zai iya furtawa. Sai ya gina jimlar da ke cewa game da kanta: ba ni da hujja a wannan tsari. Idan tsarin ya tabbatar da ita, ya tabbatar da ƙarya. Idan bai tabbatar da ita ba, to abin da ta faɗa gaskiya ne, ga gaskiya ke nan da tsarin bai iya kamawa ba. Sakamako na biyu ya fi cizo: irin wannan tsari ba zai iya tabbatar da cewa shi kansa ba ya tufka da warwara ba.

Akwai sharuɗɗa, kuma masu yaɗa zancen sukan manta da su. Dole ginshiƙan su zama waɗanda na'ura za ta iya tantancewa, dole tsarin ya iya tarawa da ninkawa, dole kuma ya zama ba ya karo da kansa. Cire ninkawa ka bar tarawa kaɗai, sai ka samu tsarin da Mojżesz Presburger ya nuna a 1929 cewa yana amsa duk tambayar da aka yi a cikinsa. Alfred Tarski ya nuna irin wannan ga lissafin siffofi na matakin farko. Ke nan ba kowane tsari ne ke da giɓi ba.

Haka kuma Gödel bai ce lissafin lambobi abin shakka ba ne. Ya ce tsari ba ya ba da shaida a kan kansa, kuma ko da ya bayar, wa zai amince da shaidar? Tsarin da ke karo da kansa yana tabbatar da komai, har da cewa shi lafiya lau yake. A 1936 Gerhard Gentzen ya tabbatar da cewa ginshiƙan Peano na lissafin lambobi ba sa tufka da warwara, ta hanyar amfani da wata ƙa'ida da ke wajen tsarin. Akwai kuma masu cewa, kamar John Lucas a 1961 da Roger Penrose daga baya, wai sakamakon ya nuna hankalin ɗan Adam ya fi kowace na'ura, tunda mu muna ganin jimlar Gödel gaskiya ce, na'ura kuwa ba ta gani. Wannan hujja ba ta gamsar da ni. Abin da muke gani shi ne: idan tsarin ba ya karo da kansa, to jimlar gaskiya ce. Wannan magana mai sharaɗi, tsarin ma yana iya tabbatar da ita. Sanin ko sharaɗin ya cika shi ne aikin, kuma idan tsarin ya yi girma da sarƙaƙiya, mu ma ba mu da wata ƙofar baya ta saninsa.

An daɗe ana cewa jimlar Gödel ƙagaggiya ce, babu mai haɗuwa da irinta a aikin yau da kullum. Wannan ta faɗi. Reuben Goodstein ya bayyana a 1944 wasu jerin lambobi da ke hauhawa da gudu mai ban tsoro, amma kowanne a ƙarshe yana dawowa sifiri. Wanda ya fara daga 4 kawai, adadin matakan da yake ɗauka kafin ya sauka lamba ce mai alƙaluma fiye da miliyan 120. A 1982 Laurie Kirby da Jeff Paris suka nuna cewa ginshiƙan Peano ba za su iya tabbatar da wannan ba, alhali ZFC na tabbatar da shi ba wahala. A lura da siffar abin: giɓin da ke ƙaramin tsari, babban tsari ya cike shi, kuma babu wanda ke gardama kan wace amsa ce daidai.

Turing da na'urar da ba a san ranar tsayawarta ba

Burin Hilbert na uku ya rushe a 1936, a hannun mutum biyu da kowa ya bi hanyarsa: Alonzo Church a Princeton ta Amurka, da Alan Turing a Kambirij ta Ingila. Kafin a ce babu hanya, sai an fayyace me ake nufi da hanya. Turing ya siffanta wata na'ura ta tunani mai dogon zare na gurabu, da kai mai karantawa da rubutawa, da 'yan yanayi ƙayyadaddu. Cewa duk abin da za a iya lissafawa mataki-mataki wannan na'ura za ta iya shi, ba abu ne da aka tabbatar da hujja ba. Ra'ayi ne da aka karɓa saboda duk wata siffantawa da aka gwada, ta Church da ta Gödel da ta Emil Post, ta zo daidai da ta Turing.

A sigar da ake koyar da hujjar yau, ana cewa: a ce akwai manhajar da za ka ba ta kowace manhaja da abin da za ta yi aiki a kai, ta faɗa maka ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyawa har abada. Sai a gina wata mai taurin kai, wadda za ta tambayi ta farkon game da ita kanta, ta yi akasin abin da aka faɗa. In an ce za ta tsaya, sai ta ƙi tsayawa. In an ce ba za ta tsaya ba, sai ta tsaya. Ke nan mai hukuncin ta yi kuskure ko ta wace fuska, don haka babu ita. Dabarar Cantor ce ta 1891 ta dawo.

Wannan ya wuce falsafa. Henry Rice ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1950, ya nuna babu manhajar da za ta iya tantance halayyar kowace manhaja ba kuskure, shi ya sa ba za a taɓa samun cikakken mai gano kowace ɓaraka ko kowace cutar kwamfuta ba. Matsala ta goma a jerin Hilbert ma haka ta ƙare: Yuri Matiyasevich, yana ɗan shekara 22, ya kammala a 1970 aikin da Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson suka faro, aka tabbatar babu hanya guda ta gane ko wani ma'aunin lissafi yana da mafita a cikakkun lambobi.

Amma me Turing ya hana? Ya hana hanya guda da za ta yi wa dukkan manhajoji hukunci. Bai ce wata manhaja tana rataye tsakanin tsayawa da rashin tsayawa ba. Ɗauki hasashen Christian Goldbach na 1742, cewa kowace lamba mai rabuwa biyu da ta wuce 2 jimlar lambobi biyu ce daga cikin waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kamar yadda 10 take 3 da 7. Rubuta manhajar da za ta gwada 4, 6, 8, ta ci gaba, ta tsaya ranar da ta samu wadda ta saɓa. An gwada har biliyan sau biliyan huɗu ba a samu ba. Yanzu a ce gobe wani ya nuna cewa ginshiƙanmu ba za su iya tabbatar da hasashen ko rushe shi ba. Me ya biyo baya? Hasashen gaskiya ne. Domin da akwai lambar da ta saɓa, da lissafi mai iyaka zai fallasa ta, kuma wannan lissafin shi kansa hujjar rushewa ce. Wannan batu nake ganin ya fi kowane muhimmanci a duk bayanin nan: a matakin lambobin ƙirga, gazawar ginshiƙai ba ta taɓa gaskiyar magana.

Akwai wani wasa da Tibor Radó ya ƙirƙiro a 1962 da ke nuna kusancin wannan iyaka da mu. A cikin na'urorin Turing masu yanayi kaza da alama biyu, waɗanda ke farawa da zare fanko kuma suke tsayawa, wace ce ta fi daɗewa? Mai yanayi biyu, mataki 6. Mai uku, 21. Mai huɗu, 107. Mai biyar, 47,176,870, kuma duk da an gano wannan na'ura tun 1989, sai a 2024 wani gungun masu bincike da suka haɗu ta intanet suka tabbatar babu wadda ta fi ta, aka kuma tantance hujjar da manhajar Coq mai duba hujjojin lissafi. A ɗaya gefen, Adam Yedidia da Scott Aaronson sun gina a 2016 wata na'ura mai yanayi kusan 8,000 wadda ZFC ba zai iya tabbatar da cewa ba ta tsayawa ba, wasu kuma suka rage adadin zuwa ƙasa da 800. To amma ita na'urar, ko ta tsaya ko ba ta tsaya ba, babu na uku.

Inda hasashen Cantor ya bambanta

A 1938 Gödel ya gina wata duniyar rukunoni matsattsiya, wadda ba ta ƙunshi komai ba sai abin da dole ne a gina. A cikinta duk ginshiƙan ZFC sun tabbata, hasashen Cantor ma ya tabbata. Ke nan ba za a iya rushe shi da ZFC ba. A 1963 Paul Cohen na jami'ar Stanford, wanda asalin fanninsa ma ba manɗiƙi ba ne, ya ƙirƙiro dabarar tilastawa: a ɗauki duniyar rukunoni, a cusa mata sababbin lambobin layi cikin taka-tsantsan ba tare da karya ko ginshiƙi ɗaya ba, har layin ya kumbura ya kai alef-2. Ke nan ba za a iya tabbatar da shi ba. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Fields a 1966. Ba a daɗe ba aka ga cewa layin zai iya zama alef-3, ko alef-17, ko abin da ya fi haka nesa. Abin bai tsaya a wannan fanni ba: a 1974 Saharon Shelah ya nuna cewa wata tambayar aljabara da J. H. C. Whitehead ya yi ita ma ZFC ba ya amsa ta.

Gödel da kansa bai ɗauki wannan a matsayin ƙarshen zance ba. Ya rubuta tun 1947 cewa rukunoni suna da haƙiƙa tasu, cewa yana ganin hasashen ƙarya ne, kuma sababbin ginshiƙai ne za su nuna haka. Ya sa rai ga ginshiƙan da ke cewa akwai wasu girma marasa iyaka masu tsananin girma, waɗanda ZFC ba ya iya kaiwa gare su. Wannan fata ya haifi ɗa mai ido. A shekarun 1980 Donald Martin da John Steel da Hugh Woodin suka nuna cewa waɗannan ginshiƙai suna warware tarin tambayoyi kan rukunonin lambobin layi da ake iya siffantawa a sarari, kuma a cikin irin waɗannan rukunoni babu mai girman tsakiya. Wato idan akwai abin da ya saɓa wa Cantor, ba abu ne da za a iya nuna shi da yatsa ba. Sai dai Azriel Levy da Robert Solovay sun riga sun nuna a 1967 cewa irin waɗannan ginshiƙai ba sa yanke hukunci kan hasashen kansa. Tsanin da ke cike giɓin Gödel hawa bayan hawa, a nan bai kai ba.

Yau ra'ayoyin sun kasu. Solomon Feferman, wanda ya rasu a 2016, ya tsaya a kan cewa lambobin ƙirga abu ne bayyananne, amma "duk wani rukuni da za a iya tsamowa daga cikinsu" magana ce mai hazo, don haka tambayar ba ta da ƙayyadajjiyar ma'ana. Joel David Hamkins na ganin duniyoyin rukunoni da yawa ne, duk halastattu, a wasu hasashen ya tabbata a wasu ya faɗi, kuma sanin wannan shi ne amsar. Yana kwatanta abin da yadda Lobachevsky da Bolyai suka nuna a ƙarni na 19 cewa lissafin siffofi na Euclid ba shi kaɗai ba ne. Sai masu neman amsa guda, su ma ba bakinsu ɗaya ba. Masu bin ginshiƙin da Foreman da Magidor da Shelah suka gabatar a 1988, wanda ke cewa duniyar rukunoni ta riga ta cika maƙil da duk abin da tilastawa za ta iya kawowa, suna samun alef-2. Woodin ma a farkon shekarun 2000 ya kawo hujjoji masu nuna alef-2, daga baya ya sauya, ya koma neman wata faɗaɗɗiyar siga ta duniyar Gödel wadda za ta ɗauki duk manyan girman nan, kuma a cikinta Cantor ne ke da gaskiya.

Ga inda na tsaya. Hujjar yawan duniyoyi ita kaɗai ba ta isa ba. Skolem ya nuna tun 1934 cewa lissafin lambobin ƙirga ma yana da baƙin duniyoyi masu ɗauke da lambobin da ba a kaiwa gare su ta ƙirga, amma wannan bai sa muka ce ba mu san me 1, 2, 3 suke nufi ba. Mun san wadda muke nufi, sauran kwaikwayo ne. Kuma cewa ZFC ya yi shiru ba dalili ba ne na rufe littafi. Mutane ne suka rubuta waɗannan ginshiƙai a farkon ƙarni na 20 don magance matsalolin zamaninsu, ginshiƙin zaɓi ma da gardama ya shigo, aka karɓe shi saboda amfanin da aka gani. Babu dalilin da zai sa ƙofar ta rufe a kansa.

Amma ba zan ce Feferman ba shi da abin faɗa ba, shi ne ma ya fi damuna. Game da lambobin ƙirga, ina da hoto a zuciya wanda ba ya rawa: fara daga 1, ƙara ɗaya, kada ka tsaya. Game da "duk rukunonin da ke cikinsu" ba ni da hanyar ginawa irin wannan, sai dai kalmar "duk". Georg Kreisel ya yi hujja a 1967 cewa idan aka ɗauki wannan "duk" da cikakkiyar ma'anarta, to hasashen yana da amsa guda ko da ba mu san ta ba. Gaskiya ne, sai dai abin da ake gardama a kai shi ne ko kalmar tana da wannan cikakkiyar ma'ana. Saboda haka ba na sa hasashen Cantor a sahu ɗaya da tambayar Goldbach. Ta Goldbach ina da yaƙinin tana da amsa. Ta Cantor ina kyautata zaton tana da ita, kuma nauyin kawo dalili yana kan masu wannan zato.

Suna kuwa kan aikin. A 2021 David Asperó da Ralf Schindler suka wallafa hujjar cewa wata ƙaƙƙarfar siga ta ginshiƙin 1988 tana haifar da ginshiƙin da Woodin ya gabatar tun shekarun 1990. Biyun daga tushe dabam suka taso, an daɗe ba a san ko za su zauna inuwa ɗaya ba, kuma dukansu alef-2 suke nunawa. Masu wannan ra'ayi na ɗaukar haɗuwar a matsayin shaida, irin yadda haɗuwar siffantawar Church da ta Turing ta zama shaida. Shi kuwa Woodin ya rataya sabon shirinsa a kan wani hasashe takamaimai na lissafi, wanda za a iya tabbatarwa ko a rushe da hujja, kuma ya yarda cewa idan aka rushe shi, shirin nasa ya faɗi. Har yanzu ba a yi ko ɗaya daga cikin biyun ba.